Ɗa'ar aikin jinya: tambayoyin da ɗaliban nas na Kumasi da iyayensu da malamansu ke yawan yi

Duk shekara idan yaranmu na zango suka shiga makarantar nas, daga Aboabo zuwa Sawaba zuwa Tafo, tambayoyin nan dai su ne suke dawowa, wasu daga bakin ɗaliban, wasu daga iyaye, wasu kuma daga sababbin malamai da aka miƙa wa darasin ɗa'a alhali su allura da ƙarin ruwa suka saba koyarwa. Na sa musu lamba don a riƙa komawa wata amsa idan an nuna ta.

1. Wai me ake koyarwa ne a darasin ɗa'ar aiki?

Abu uku ne a dunƙule. Akwai sanin abin da ya dace a yi wa majinyaci da abin da bai dace ba, akwai ladabin aiki na yau da kullum kamar zuwa a kan lokaci da tsaftar yunifom da yadda ake miƙa aiki ga mai karɓa da yadda ake rubutu a foldar majinyaci, sannan akwai doka, wato abin da zai iya sa a ƙwace maka lasin ko a kai ka kotu. A aji za a ba ku ginshiƙai huɗu da kusan duk makarantun lafiya na duniya ke koyarwa: a girmama zaɓin majinyaci, a nema masa alheri, kada a cutar da shi, a yi adalci tsakanin marasa lafiya. Ana ƙara faɗin gaskiya da riƙe sirri. Haddace su ba ya cin minti goma, wahalar tana zuwa ne ranar da biyu daga cikinsu suka yi karo da juna a kan gado ɗaya (duba lamba 12).

2. Wa ya kafa waɗannan ƙa'idoji, makaranta ce ko gwamnati?

Hukumar da ke kula da nas-nas da ungozoma ta Gana, wadda muke ce wa Kansil, ita ke tsara manhaja, ita ke shirya jarabawar lasin, ita ke riƙe da rajista kuma ita ke da ikon ladabtarwa, a ƙarƙashin doka mai lamba 857 ta shekarar 2013. Hukumar Lafiya ta Gana kuma tana da kundin haƙƙin majinyaci wanda za ku ga an liƙa a bangon asibitoci da yawa. A matakin duniya akwai ƙa'idojin Majalisar Nas-nas ta Duniya, an fara fitar da su 1953 kuma an sake sabunta su 2021. Ƙungiyar GRNMA da kuke ji a rediyo lokacin maganar albashi ƙungiyar ma'aikata ce, ba ita ke ba da lasin ba, ɗalibai da yawa suna haɗa biyun.

3. 'Yata ta yi makaranta, ta sauke, tana da tarbiyya. Me kuma za a koya mata?

Hajiya, wallahi tarbiyyar gida ita ce tushe kuma yaran da suka zo da ita mun fi jin daɗin koyar da su. Ba mu kuma ara wannan aiki daga Turawa kaɗai ba, tun zamanin Annabi (SAW) Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a Madina inda take jinyar masu rauni, a nan aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandak. Amma akwai halayen da a gida ladabi ne, a wod, wato ɗakin da ake kwantar da majinyata, kuma suna iya kashe mutum. An koya wa yarinya cewa ba a musu da babba, to idan likita ya rubuta magani fiye da kima fa, ta yi shiru saboda kunya? An koya mata idan maƙwabci ba lafiya a sanar da dangi a zo dubiya, to a asibiti wannan sanarwar tona asiri ce.

Shi ya sa muke ba su labarin Tuskegee a Amurka, inda daga 1932 har 1972 aka bar baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar za ta ci su, har bayan da penisilin ya samu. A cikin masu aikin akwai nas, baƙar fata kamarsu, wadda mutanen suka yarda da ita, tana gaishe su tana kai su asibiti a mota. Ba a ce muguwa ce ba, umarni ta bi ba ta tambaya ba. Kirki kaɗai bai hana wannan ba.

4. Ni sabon malami ne, ta yaya zan koyar da darasin nan yara ba su yi barci ba?

Malam, ka rage karanta musu ma'anoni. Idan ka tsaya kana jero ginshiƙai huɗu za su rubuta, su haddace, su zuba maka a jarabawa, su manta kafin su kai bakin get. Ka kawo musu matsala ka bar su su yi gardama. Misali mace ta zo awo an gano tana da cuta mai karya garkuwar jiki, ta ce kada a gaya wa mijinta, ga mijin a waje yana tambaya, kuma tana da kishiya. Ka raba aji, ka sa wata ta zama matar, wani ya zama mijin, wata ta zama nas, kuma a yi wasan da harshen da za a yi shi a zahiri, Hausa ko Twi, domin yaro yana iya tsara magana mai daɗi da Turanci amma idan aka ce ya faɗa wa tsohuwa da Hausa sai baki ya mutu.

Kada ka yi saurin ba da amsa. Ka tambaye su wa zai cutu, wa ke da haƙƙin yanke shawara, me doka ta ce, wa ya kamata a kira. Bayan sun dawo daga kilinikal kuma, wato koyon aiki a asibiti, ka ware awa ɗaya su faɗi abin da suka gani da ya dame su, ba sunan asibiti ba sunan ma'aikaci ba sunan majinyaci. A ganina wannan awa ta fi duk sauran zangon karatun amfani, kuma ita ce aka fi yankewa idan lokaci ya ƙure, abin haushi.

5. Abin da aka koya mana a aji daban, abin da muke gani a wod daban. Wanne za mu bi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, kuma duk malamin da ya ce muku ba haka ba ne bai daɗe da zuwa wod ba ko kuma yana rufa wa abokan aiki asiri. Ɗalibi ya fi koyo daga abin da ya ga siniya tana yi da ƙarfe biyun dare fiye da abin da muka faɗa da rana. Idan ya ga ana rubuta awon zafin jiki da hawan jini ba a auna ba, ko ana kiran mutum "gado na shida", ko ana tsawa wa mai naƙuda, cikin wata uku shi ma ya fara, ba don ya yarda da shi ba sai don kada a ce yana nuna ya fi kowa sani. Gaskiya ne ma'aikata sun yi kaɗan, nas ɗaya ko biyu ga wod cike, ga gajiya, wani lokaci ba safar hannu ba gado, duk wannan yana bayyana dalili amma ba ya mayar da awon ƙarya ya zama gaskiya, likitan da zai zo da safe a kan lambar nan zai canza magani.

Ba na ce ki tsaya tsakiyar wod ki yi wa siniya wa'azi ba, ƙanwata, za ki sha wuya a banza. Ke dai kada ki sa hannunki a abin da ba ki yi ba. Idan kin ga abin da zai cutar da majinyaci yanzu-yanzu, ki yi magana a siffar tambaya, "Anti, wannan ba na mai gadon can ba ne?", yawanci hakan ya isa. Idan abu ne da ake ta maimaitawa, ki kai wa incaji, wato nas ɗin da ke shugabantar wod, ko malamar da ke duba ku daga makaranta, ki faɗi abin da idonki ya gani da rana da lokaci, ban da ƙari.

6. Na ga 'yar unguwarmu a asibiti, mamata ta tambaye ni me ke damunta. In ce me?

Ki ce "Mma, aikinmu ya hana, ki kira ta ki gaishe ta." Za ta ji haushi ranar farko, ta ce ke da aka haifa jiya, amma za ta saba, kuma ran da ita ma ta kwanta za ta gode. Ga ɗan zango wannan ne gwaji mafi tsanani domin mu kowa ya san kowa, wadda kika canza wa zani da safe za ku haɗu a wurin suna ko awure ranar Lahadi, mai waken da kike saye wurinta ita ce surukar wanda kika ga sakamakon gwajinsa. Sirri bai tsaya ga sunan cuta ba, ko cewa "na gan ta a ɓangaren masu ciki" ya isa ya kashe aure ko ya tayar da gida. Ko kallon da za ki yi mata a taro ma ki kula da shi.

Akwai mutanenmu da suke tsallake asibitin kusa da gida su shiga trotro su tafi can nesa, ko su ƙi zuwa sam har ciwo ya ci ƙarfinsu, don kawai tsoron 'yar unguwa tana aiki a wurin. Kuma buɗe foldar wanda ba kya jinyarsa don kawai kin san shi laifi ne ko da ba ki faɗa wa kowa ba.

Inda ake fitar da bayani sanannu ne: ga ma'aikatan da ke jinyar mutumin, idan shi da kansa ya yarda, idan kotu ta nema, cututtukan da doka ta ce a kai rahoto kamar kwalara, da kuma idan ana cin zarafin yaro. Ko a nan ma ba ɗalibi ne ke yanke shawara ba, ki kai wa incaji.

7. Hoto fa? Ban nuna fuska ba, kuma a istatus kawai na sa.

Kar ki yi. Zanen da ta ɗaura, zoben hannu, lallen ƙafa, lambar gado, muryar da ke bayan bidiyon TikTok, duk suna nuna mutum, kuma a Kumasi sai an samu wanda ya gane. Abin da ya shiga WhatsApp ya fita daga hannunki. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariya a kansu. Haka ɗaukar hoton folda don rubuta aikin makaranta, ku kwafa da hannu ku cire suna. Sauran bayani yana lamba 6.

8. Idan miji ya ce shi zai sa hannu, ko majinyaci ba ya jin Turanci, yaya ake neman izini?

Mace baligar da hankalinta ke jikinta ita ke da izinin jikinta, a doka shekara 18 ne girma. Idan tana so ta yi shawara da maigida ko a jira shi, haƙƙinta ne kuma a mutunta, amma a tambaye ta ita kaɗai tukuna, domin wata a gabansa ba za ta buɗe baki ba. Yaro kuma iyaye ko mai riƙonsa ne ke ba da izini. Idan rai na cikin haɗari nan take kuma mutum ba ya cikin hayyacinsa, ana ceto ba a jira.

Dangwala yatsa a takarda ba shi ne izini ba, izini shi ne mutum ya gane me za a yi masa, me zai iya biyo baya, wane zaɓi yake da shi. A nan ku yaran zango kuna da abin da wasu ba su da shi, da yawanku kuna jin Hausa da Twi da Turanci, wasu har da Dagbani ko Zabarmanci ko Mosanci, don haka kullum za a riƙa kiranku tafinta. To ku fassara abin da aka faɗa daidai, kada tausayi ya sa likita ya ce za a yanke ƙafa ku ce za a ɗan gyara. Kuma kada a sa ɗan shekara goma ya fassara wa uwarsa ciwon mata.

9. An bar ni ni kaɗai an ce in yi allura. In ƙi?

Abin da ba a koya maka ba, ko an koya maka amma ba mai lasin da ke tsaye a kanka, ka ce ba ka kai ba tukuna. Ba abin kunya ba ne. Ka kuma gaya wa majinyaci cewa kai ɗalibi ne, kundin haƙƙin majinyaci ya ba shi damar sanin duk wanda ke taɓa shi har da ɗalibai, idan Baba ya kira ka dokta ka gyara masa. Kafin kowane magani a duba abu biyar: mutumin, maganin, adadin, hanyar ba da shi, lokacin. Idan kuma kuskure ya auku, a faɗa nan take, mintin da aka ɓata ana tunanin yadda za a ɓoye shi ne mintin da za a iya ba da makari. Ba a goge rubutu a folda, ana ja masa layi ɗaya a sa hannu. Haka idan allurar da aka yi wa wani ta soke ka, ka faɗa a take, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi kuma gara da wuri.

10. Majinyaci ya ba ni sidi ashirin na "sha ruwa". Haramun ne? Kawuna kuma ya zo yana so in shigar da shi gaba.

Neman kuɗi, ko jinkirta aiki har sai an miƙo, ko sayar da magani daga jaka, ko karɓar kuɗi ta momo, wato ta waya, ba rasit, wannan ba gardama laifi ne. Kyautar godiya bayan an sallami mutum ta fi sauƙi kuma asibitoci sun bambanta a kanta, amma shawarata ga ɗalibi ita ce ya ƙi kuɗi cikin ladabi, "Alhaji addu'arka ta ishe ni." Mai gadon kusa yana kallo, shi ba shi da ko sisi, abin da zai fahimta shi ne sai da kuɗi ake kula mutum.

Kawu kuma, furotokol ɗin nan da muka saba, wato alfarmar shigar da naka gaba, ka nuna masa inda ake yankar kati, ka duba ko inshorarsa tana aiki, ka samo masa wurin zama, amma layi na wanda ya fi jin jiki ne sannan wanda ya riga zuwa. Ita kayayo, 'yar dako a kasuwa, da ta zo daga arewa ba ta da kowa a ciki, ita ce ginshiƙin adalci na lamba 1 yake magana a kanta.

11. Hijabi da salla da jinyar wanda ba jinsinka ba fa?

Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi, kuma 'yan'uwanmu mata da yawa suna aiki da hijabi. Abin da sana'a ke nema shi ne ya zama gajere mai tsafta, a cusa shi kada ya riƙa lilo a kan rauni, hannun riga ya ba da damar wanke hannu sosai, a ɗakin tiyata kuma a sa kayan ɗakin. Idan an matsa miki, ki bi ta hanyar hukumar makaranta a rubuce, ba faɗa a bakin wod ba. Salla ana tsara ta da abokan aiki, ka miƙa majinyatanka ga wani, ka faɗi inda za ka, ka dawo da wuri, ran Lahadi kai ma ka riƙe wa mai zuwa coci. Barin wod ba kowa da sunan salla ba ya cikin addini.

Jinyar mace ga namiji ko namiji ga mace kuwa ba makawa a aikin nan. A ja labule, a buɗe iya wurin da ake buƙata, a nemi izini kafin a taɓa, a samu mutum na uku a wurin, idan majinyaciya ta nemi mace kuma akwai, a ba ta.

12. Majinyaci ya ƙi magani, ko ya ce zai yi azumi, ko dangi sun kawo rubutu da sassaƙe.

A nan ne neman alheri da girmama zaɓi suke karo. Babba mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da mu muna ganin kuskure ne, kamar Shaidun Jehoba da ba sa karɓar ƙarin jini. Aikinka ka tabbata ya gane abin da zai biyo baya, ka sanar da likita, ka rubuta, kuma kada ka canza masa fuska. Mai ciwon sukari da ke kan insulin ya ce sai ya yi azumi, tsawa ba ta aiki, ka tuna masa Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame, idan ya yarda a kira limamin da yake jin maganarsa, sau da yawa magana ɗaya daga malam ta fi namu goma. Maganin gargajiya kuma kada ka yi dariya, idan ka yi za su ɓoye a ƙarƙashin filo su riƙa ba shi da dare. Ka tambaya a hankali me yake sha, ka gaya wa likita, musamman mai ciwon ƙoda ko hanta ko wanda aka hana ci da sha kafin tiyata.

13. Su ma majinyata suna zaginmu. Mu ba mutane ba ne?

Mutane ne ku, kuma ba a ce ku tsaya a mare ku ba, wanda ya kai hannu a kira masu gadi a rubuta rahoto. Amma yawancin masu faɗa tsoro ne ke cinsu ko sun yini ba wanda ya ce musu uffan. Gaisuwa da suna, Mma, Baba, Maame, Nana, da gaya musu me ake jira da kuma har yaushe, yana kashe rabin rigimar tun ba ta tashi ba. Ɗakin haihuwa ne ya fi ɓata mana suna, maganganun nan na "lokacin da kike yi ina nan?" da dukan cinya da sunan taimako. Matar da aka yi wa haka cikin na gaba a gida za ta haihu, idan jini ya ɓalle a can ba mai tsayar da shi.

14. Ana faɗuwa saboda ɗa'a? Kuma me zai biyo baya idan an kama mutum?

Ana faɗuwa. Ban da tambayoyin takarda, a jarabawar aiki da hannu ana ba da maki kan gaisuwa, bayani, neman izini, jan labule, wanke hannu da rubutu, mutum zai iya ɗaure rauni tsaf ya zubar da maki a waɗannan. Rahoton da incaji ke rubutawa a littafin kilinikal shi ma yana bin ka, kuma sa hannun bogi a littafin nan ko satar amsa na iya jawo dakatarwa ko kora, gwargwadon dokar makarantar. Bayan an gama, difloma shekara 3 ko digiri shekara 4, an ci jarabawar lasin an yi shekarar roteshan, wato zagayen aiki a sassan asibiti, Kansil na iya jan kunne, ko dakatar da lasin, ko cire suna daga rajista, kotu kuma tata daban idan sakaci ya jawo rauni ko mutuwa. Lambar PIN, wato lambar lasin da Kansil ke bayarwa, ana sabunta ta ne tare da shaidar ƙarin horo. Masu shirin tafiya Ingila ko Kanada kuma su sani hukumar can sai ta nemi Kansil ta tabbatar ba wani hukunci a kan sunanka kafin ta yi maka rajista.